Abin Da Ke Cikin Tandu

Cheetham Hill, Manchester
22 ga Nuwamba, 2004

Zuwa ga 'yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi Sallah lafiya, ke da maigidanki Kamaldeen da yara. Ni dai ga ni nan, gwiwa ta hana ni sakat. Likitana, GP, ya ce in rage gishiri, sai ka ce gishiri ne ya yi shekara talatin yana ɗaukar kwali a sito. Bangon flat ɗin nan har yau yana tsatsafar ruwa, council masu gidan ba su leƙo ba. Maƙwabcina Manasseh ne riƙe da biro kamar kullum, ni ke faɗa yana rubutawa. In kin ga wata kalma mai taushi, tasa ce.

Kin ce in riƙa kira a waya. Kunnena ba ya jin waya, kuma abin da aka faɗa a waya ba a iya ɗauko shi gobe a nuna wa mutum.

Maganar jikana Jalilu ce ta sa na rubuto. Tun da uwarsa Sadiatu ta rasu yana shekara shida ni na riƙe shi. Amma da kulob ɗin ƙwallon zari-ruga na wajenku suka ba shi kwantiragin shekara guda, ba wanda ya kira ni in ga inda ya sa hannu. A masallaci na ji. Na bar wannan. Na yarda ya zauna gidanki ne domin ubanki Salihu ɗan baffana ne, ba don na rasa ɗaki ba.

Ya zo mini ranar Sallah, na duba wuyansa. Rabi'atu, me kuke ba shi? Ya ce azumi ya cire masa kilo biyar, kociya ya mayar da shi benci. Shi kuwa a sahun gaba yake, wurin da maza takwas ke haɗa kafaɗa da wasu takwas suna turereniya kamar raguna. Ya ce, "Granddad, in ban mayar da weight ba kafin January, wani za su sa." Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Ga gari nan na aiko cikin kwalbar kofi. Daga tandun mahaifina ya fito, wanda ya kayar da maza a kokawa a Zangon Kumasi har suka daina fito masa. Ni na sha, ubanki ma ya sha, duk da haka na kayar da shi sau uku, ya rasu bai yarda ba, Allah ya jiƙansa. Cokali guda cikin koko da safe. Kada ki sa sukari da yawa.

Baffanki,
Bara'u

Handsworth, Birmingham
1 ga Disamba, 2004

Baffa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Kamaldeen na gaishe ka, yara na tambayar kakansu na Manchester. Ka riƙa shafa man da GP ya ba ka, ba ajiye shi a taga aka ce ka yi ba. A gaida Malam Manasseh da matarsa Madam Angelina.

Jalilu yana cin abinci, Baffa. Yana cin na mutum uku. Ƙarfe shida na safe yake fita gym, ya dawo da laka har kunne, injin wankina ya gaji da shi.

Kwalba ta iso. Amma ka yi haƙuri in tambaya. Likitar kulob ta tara su ta ce kada wanda ya sha komai, ko maganin mura, sai ya nuna mata, domin akan zo a gwada fitsarinsu ba sanarwa. Ni ma a gidan kula da tsofaffi da nake aiki, ba na ba mutum abin da ba takarda a jikinsa. Ka rubuto mini abin da ke ciki, in nuna mata, hankalin kowa ya kwanta. Kafin nan na ajiye ta saman firij.

'Yarka,
Rabi'atu

Cheetham Hill
9 ga Disamba, 2004

Rabi'atu,

Sallama. Gwiwa tana nan yadda take. Man yana taga, nan ya fi shan iska.

Na sa Manasseh ya karanta mini takardarki sau biyu, ko na ji ba daidai ba. Ashe daidai na ji. Wato ni ne zan ba jikana guba. Ni da na goya shi a baya na kai shi asibitin yara a kan ƙanƙara lokacin da ke kina can Accra kina koyon ɗaurin ɗankwali.

Saiwoyi bakwai ne da ɓawo, na gida, ba komai ciki sai abin da Allah ya tsiro. Sunayensu ba a rubutawa. Mahaifina ya faɗa mini su a kunne ranar da na fara shiga filin kokawa, ya ce in faɗa wa ɗaya kawai daga jinina, shi ma a kunne, ranar da ya isa. Ba zan karya wannan don wata Baturiya ta sa a fayil ba. Su Turawan da ke shan garinsu mai kalar madara a gora, wa ya tambaye su sunan saiwa?

Ki sauke kwalbar daga kan firij. In ba za ki dama masa ba, ki miƙa masa wannan takarda ya karanta, in har bai manta Hausar ba. Ki ce kakansa ne ya ce ya sha.

Bara'u

Handsworth
19 ga Janairu, 2005

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. An sha sanyi amma kowa lafiya. Ina yi maka barka da Sallar layya tun kafin ta zo.

Na ba shi takardarka kamar yadda ka ce. Ya daɗe a kanta, yana bin layi da yatsa. Ya ɗauki kwalbar da kansa ya kai ɗakinsa. Na ce ya nuna wa likita, ya ce, "Anti, saiwa ce kawai. In na kai mata za ta ce a bari, Granddad kuma zai ji." Na ƙyale shi.

Labari mai daɗi: an fara wasa da shi sau biyu a jere. Na je na biyun da Kamaldeen. Ban gane komai ba sai dai na ga sun tura waɗancan baya har alƙali ya busa, mutane suka tashi suna kiran sunansa a karkace. Ya fito da kunne a kumbure yana dariya. Kociya ya ce in ya ci gaba haka za a ba shi shekara biyu a bazara. Jalilu ya ce in gaya maka ƙafarsa ta hagu ya kafa yadda ka koya masa a falo.

Rabi'atu

Handsworth
11 ga Fabrairu, 2005

Baffa,

Ina fata kana lafiya. Ba zan tsawaita ba.

Bayan wasan ƙarshen Janairu an gwada fitsarin mutum biyu, har da Jalilu. Jiya takarda ta zo. Sun sami wani sinadari da aka haramta wa 'yan wasa. An dakatar da shi nan take, ko filin atisaye ba zai taka ba sai kwamiti ya zauna. Ba ya ci, ba ya fitowa falo.

Ba abin da yake sha ban da garinka, na bincika ɗakin da kaina. Don Allah ka rubuto abin da ke ciki. Kuma kada ka zo yanzu, Baffa.

Rabi'atu

Cheetham Hill
3 ga Maris, 2005

Rabi'atu,

Sallama. Tunda ba a so in zo, ban ga amfanin in ce ina lafiya ko ba na lafiya ba.

Sati uku takardarki tana kan tebur. Manasseh kullum sai ya ƙwanƙwasa da biro a aljihu, ina ce masa ba yau ba. "Kada ka zo." Na gode. Haka aka yi mini ranar sa hannu, haka aka yi ranar da ya fara wasa, ku kuka je kuka zauna a kujera, ni aka aiko mini da labari. Yanzu abu ya ɓaci, an sami tsohon da za a ɗora wa, amma kada ya zo ya ba ku kunya da hularsa da rashin Turancinsa.

Maza nawa suka sha abin cikin tandun nan tun kafin a haifi ubanki? Wa ya taɓa cewa haram ne? Ki tambayi kanki, yaro baƙi ɗan Cheetham Hill ya ture ɗan wani daga sahun gaba, sati biyu sai ga kwalbar fitsari. Ni na yi aiki da mutanen nan, na san yadda ake cire mutum ba tare da an ce masa fita ba.

In sun gama da shi ya dawo gida. Abdulsalami na unguwarmu na neman mai ƙarfi a sitonsa. Ba a kumbura wa mutum kunne a can.

Bara'u

Manasseh ne ke ƙara wannan da kansa: Malama Rabi'atu, ya rame. Ki sake rubutowa.

Handsworth
7 ga Maris, 2005

Baffa,

Ina gaishe ka, kuma yau ka yafe mini, zan yi magana ba yadda aka koya mini ba.

Na ce kada ka zo ne domin Jalilu ya roƙe ni. Ya ce ba zai iya haɗa ido da kai ba yana wanda aka kira mai shan ƙwaya. Ba hularka ba ce. Sati uku muka yi muna duba ƙofa muna jiran amsarka.

Ga inda ake. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, sha bakwai ga wata. Lauyan ƙungiyar 'yan wasa ya zo gidan nan. Ya ce in ba a nuna ta inda abin ya shiga jikinsa ba, shekara biyu ce, kuma kulob ba zai jira ɗan shekara sha tara shekara biyu ba. In an nuna, aka kuma ga bai san abin da ke ciki ba, ana iya ragewa. Ya tambaye shi sau huɗu me ya sha. Sau huɗu yana cewa, "Ban sani ba."

Na ce to ni zan kai kwalbar a gwada. Na shiga ɗakinsa, na same ta a wanke tas, har da sabulu. Ya zubar da sauran a sinki tun ranar da takarda ta zo. Na ce me ya sa, ya ce, "Za su kira Granddad su zaunar da shi gaban mutane suna masa tambaya kamar ɓarawo. Kuma ya yi wa babansa alkawari. Gara ni."

Wannan ne yaron da kake cewa ya manta da kai. Ya zaɓi sito a kan ya ambaci sunanka. Ni ma da laifina, da na tsaya a kan maganata ta farko da ba a zo nan ba. Abin da ya rage a tandunka shi kaɗai ya rage mana. Kwana goma ne, Baffa.

Rabi'atu

Cheetham Hill
10 ga Maris, 2005

'Yata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, bar wannan.

Na ce wa Manasseh ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara ko ɗaya.

Babu komai a tandun. Garin ya kusa ƙarewa tun shekara bakwai da suka wuce. Zuwana Kumasi na ƙarshe na tarar mai kawo mana saiwa daga arewa ya rasu, 'ya'yansa waya suke sayarwa. Biyar na samo cikin bakwai, su ma aka ƙwace a filin jirgi, wai ba a shigo da itace. Ban gaya wa kowa ba. Abin da ya rage bai fi cokali uku ba, na bar shi don ranar da zan faɗa wa Jalilu sunayen.

Da na ga wuyansa ranar Sallah, na rasa abin da zan yi masa. Ba ni da mota in kai shi atisaye, ban san dokar wasan ba, takardunsa ba na iya karantawa. Wannan kaɗai nake da shi, kuma cokali uku ne. Akwai wani mai tebur a bayan situna, yana sayar wa samarin gym kaya. Na sayi wata babbar roba mai hoton ƙato a jiki. Na tambaye shi abu biyu: akwai alade, akwai giya. Ya ce babu, ganye ne. Abin da na san ana tambaya ke nan. Na kawo gida na zuba cokali ukun mahaifina a ciki, na ƙara citta da kanumfari da ɗan ɓawon maɗaci don ya yi ɗaci irin na asali, na cika kwalbar kofi.

Manasseh ya ajiye biro yana kallona. Shekara goma sha ɗaya ina ba shi labarin tandun nan, kuma da hannunsa na rubuta miki cewa ba komai ciki sai abin da Allah ya tsiro. Na ce masa ya ɗauka ya ci gaba, zagin ya bari sai an liƙe ambulan.

Tun takardarki ta Fabrairu na sani. Na sani na zauna sati uku ina zagin Turawa. Robar tana ƙarƙashin gado, saura rabi. Yanzu na jawo ta, Manasseh ya sa tabarau ya karanta ƙananan rubutun bayan, ya ce bai sani ba ko sinadarin da suka samu yana ciki, amma akwai gargaɗi da jan rubutu. Ni jan rubutun ado na ɗauka.

Zan hau kocin safe, doguwar bas ɗin nan, ranar Talata, da robar da tandun. Kamaldeen ya tare ni a tasha, ban san garinku ba. Ki gaya wa lauya zan zauna gaban ko su nawa ne. Ke za ki yi mini tafinta, kuma kada ki tausasa. Ki ce wa Jalilu ya daina rufa mini asiri, ba aikinsa ba ne. Wannan takardar ki ba shi ya karanta da kansa, kamar waccan.

Baffanki,
Bara'u

Cheetham Hill
29 ga Maris, 2005

Rabi'atu,

Sallama. Na iso lafiya, sai dai kujerar kocin ba ta mutum mai gwiwa ba ce. Ki gode wa Kamaldeen. Tuwonki ya yi ruwa ranar Laraba, ban faɗa a can ba saboda halin da ake ciki.

Takardar hukunci da kika aiko Manasseh ya karanta mini. Wata goma sha biyu. Kin rubuta "alhamdu lillahi" har sau uku, ni ban ga abin sau uku ba. Shekara guda ce ta yaro, kuma ni na ci ta. Mai farin gashin nan na kwamiti da ya ce da ya nuna wa likita tun farko da ba haka ba, gaskiyarsa, amma da ni ya kamata ya kalla yana faɗa, ba Jalilu ba. Kociya kuma da ya ce "ka dawo mu gani," wannan ba alkawari ba ne, na san irin maganar. Amma bai ce kada ya dawo ba.

Jibi Jalilu yake zuwa. Na share ɗakinsa. Abdulsalami ya sake tambaya, na ce masa rabin yini kawai, sauran na gudu ne da ɗaga ƙarfe, kuma in na ga ya sa shi ɗaukar abin da zai taɓa masa baya, ni da shi ne. Abincinsa ki rubuto yadda likitar ta tsara, Angelina za ta karanta mini. Ba zan ƙara ko gishiri ba.

Abu guda ya tsaya mini. Da suka ce in faɗi duk abin da ke cikin kwalbar, har na tandun, na faɗa. Shekara hamsin da ɗoriya ina riƙe da sunayen nan don in faɗa su sau ɗaya a kunnen mutum ɗaya, sai ga shi na faɗe su da ƙarfi a ɗaki mai fitilar ofis, gaban Turawa huɗu, ga ke ga lauya. Kin ga matar da ke rubutu, ta tsaya tun a kan sunan itacen marke, ta ce a maimaita. Ke ma kin rasa Turancin biyar daga ciki. Na ce a raina, shi ke nan, na zubar.

Da muka fito, a bakin lif, lokacin kin tafi neman Kamaldeen, Jalilu ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Ya rubuta su da biro, duka bakwai. Ban iya karantawa ba, na ce ya faɗa. Ya sunkuyo, kin san tsawonsa, ya faɗa mini su a kunnen da ke ji. Ɗaya ya karkata, na gyara masa.

Tandun na bar shi cikin jakarsa, bai sani ba. In ya gani ya tambaye ki, ki ce ba a wanke shi da sabulu.

Baffanki,
Bara'u